Wanda Ya Dawo Da Rai Ma Yana Da Haƙƙi A Kanmu



Godiya ta tabbata ga Allah, Mahaliccin jiki da zuciya, Masanin abin da ƙiraza suka ɓoye. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ɗan'uwa mai karatu, mun saba tattauna hukunce-hukuncen tsarki da salla da zakka a wannan zaure. Yau ina so in ja hankalinka zuwa ga wani mai haƙƙi da ke tsayawa kusa da kai a sahu, ko kuma wanda ya daina zuwa sahun ba tare da ka lura ba.

Ka san shi. Ɗan Tajaye ne, ko na Illela, ko Malbaza, ko Ƙwanni. Ya shiga aikin soja, ko jandarma, ko gardi, aka tura shi Diffa ko Tilaberi ko arewacin Tawa. Ya yi abin da ya yi na shekaru, ya dawo gida. Ranar da ya sauka daga mota mata suka yi guɗa, aka yi sadaka, aka duba aka ga hannu biyu da ƙafa biyu, aka ce ya dawo lafiya.

Sai watanni suka shuɗe. In ya zo masallaci, ƙarshen sahu yake tsayawa daf da ƙofa, liman na sallamewa ya fice. Tayar babbar mota ta fashe a kan kwalta, ya zube ƙasa ya rufe kai, yara suka yi ta dariya. Ranar Layya, da aka kafa raguna kewaye da wuta, ƙaurin nama ya kore shi daga gida har dare. Ƙarar babura bayan Isha'i tana tayar da shi tsaye. Matarsa ta san abin da mu ba mu sani ba: ba ya barci, in ya samu ya runtsa sai ya farka da ihu cikin gumi, kuma kukan jaririnsa na iya sa shi fasa kwano. Mu kuwa muka yanke hukunci daga nesa. Wani ya ce girman kai ne na masu kaki. Wani ya ce tramol ne. Wani ya ce iska ce ta taɓa shi a daji.

Ba zan ɗora laifin a kanka in tsame kaina ba. Wani maƙwabcina irin wannan ya taɓa tsayar da ni a bakin masallaci, ya sunkuyar da kai ya ce: "Malam, ni fa ba na barci." Na ce masa ya yi haƙuri, ya riƙe addu'o'in kwanciya, na wuce domin ana jirana. Abin da na faɗa gaskiya ne, amma ban zauna ba, ban kuma tambaye shi me ke hana shi barcin ba. Bai sake buɗe mini bakinsa ba. Kafin damina ta zagayo matarsa ta koma gidan iyayenta, shi kuma ya tafi ci-rani bai yi sallama da kowa ba. Har yau ina tuna cewa ya ƙwanƙwasa ƙofata sau ɗaya, na ba shi amsa ta taga.

Mun iya ƙidayar waɗanda suka kwanta dama. A Tazalit, cikin jiharmu ta Tawa, jami'an tsaro 22 ranar 6 ga Oktoba 2016. A Inates, sojoji 71 ranar 10 ga Disamba 2019. Wata guda bayan nan, ranar 9 ga Janairu 2020, a Shinagodar, 89. A farkon Oktoba 2023, kusa da Tabatol, hukuma ta sanar da 29. An yi makoki, an sassauto da tuta, mun yi musu addu'a a masallatanmu. Allah Ya jiƙansu, Ya karɓi shahadarsu. To amma a kowane ɗaya daga waɗannan wurare akwai waɗanda suka fita da rai. Akwai wanda ya saɓo gawar abokin da suka ci abinci kwano ɗaya da shi da safe. Akwai waɗanda aka tura ƙauyukan Tillia bayan ranar 21 ga Maris 2021, da aka kashe fararen hula 137, suka ga abin da ido bai kamata ya gani ba. Su waɗannan ba a sassauto musu da tuta. Gida suke dawowa, wato wurinmu.

Wannan ba sabon abu ba ne a tarihin al'umma. A shekara ta 8 bayan Hijira rundunar Musulmi ta dawo Madina daga Mu'uta, bayan shahadar jagororinta uku, Zaidu ɗan Harisa da Ja'afar ɗan Abu Ɗalib da Abdullahi ɗan Rawaha, kuma Khalid ɗan Walid ya janye da sauran mutane. Wasu suka tarye su da watsa ƙasa da gorin gudu daga fagen fama, Annabi (SAW) ya kare mutuncinsu. Duk da haka malaman sira sun kawo cewa Salamatu ɗan Hisham ya daina fitowa salla cikin jama'a. Uwar Muminai Ummu Salama ce ta lura da giɓinsa, ta tambayi matarsa dalili, matar ta shaida mata cewa gorin mutane ne ya tsare shi a ɗaka. Dubi abu biyu a nan. Bakin gari yana iya kulle jarumi a ɗaki. Sannan an samu wadda ta ga babu shi a sahu, ta bi sawu ta tambaya. A garinmu bakin yana nan. Mai tambayar fa?

Bari in bayyana maka abin da ke damunsa, domin wanda bai san cuta ba shi ke zagin majinyaci. Allah Ya sanya wa ɗan Adam wani mai gadi a ƙwaƙwalwa. Idan haɗari ya taso, mai gadin nan ke sa zuciya bugawa da sauri, jiki ya ɗaure, kunne ya buɗe, barci ya gudu. Rahama ce, da ita soja ke tsira a daji. Amma wanda ya daɗe cikin haɗari, ko ya gamu da tashin hankali mai girma, mai gadinsa kan ƙi sauka daga aiki ko bayan an dawo gida. Abin da ya wuce sai ya riƙa dawo masa a mafarki da farke kamar yanzu yake faruwa. Ya riƙa guje wa duk abin da zai tuna masa. Ya zauna kullum cikin shirin ko-ta-kwana, da saurin firgita da saurin fushi. Ya riƙa zargin kansa don shi ya rayu wani ya mutu. Idan wannan ya wuce wata guda yana hana shi rayuwa, likitoci suna kiransa ciwon firgici na bayan tashin hankali. Sau da yawa yana tafe da ciwon damuwa: mutum ya yi mako biyu ko fiye babu abin da ke masa daɗi, abinci ya fita ransa, gona ta gagare shi, ya ga kamar rayuwarsa nauyi ce a kan iyalinsa. Shi tramol ɗin da muke gani, sau da yawa ƙoƙarin kashe wutar ne da fetur.

A zauren karatu an koya mana cewa wanda ya ji rauni a hannu yana shafa a kan ɗauri, wanda ya kasa tsayuwa yana salla a zaune. Ba mu taɓa ce wa mai karaya imaninsa ne ya raunana ba. Me ya sa za mu faɗa wa wanda karayarsa ke ciki? Annabi Yaƙub (AS) ya yi baƙin ciki har idanunsa suka yi fari, bai fita daga sahun masu haƙuri ba. Kuma tun fiye da shekara dubu, malami Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a shekara ta 322 bayan Hijira, ya rubuta littafi a kan gyaran jikkuna da rayuka, inda ya lissafa tsoro da baƙin ciki da fushi da waswasi cikin cututtukan da ake yi wa magani, ya gargaɗi mai waswasi game da kaɗaici da zaman banza, ya nuna amfanin samun wani amintacce da zai yi masa magana daga waje. Saboda haka neman magani ga ciwon zuciya gadonmu ne.

Yanzu ga abin da nake kira gare shi: zaman jinya na rukuni, inda waɗanda suka ɗanɗani abu ɗaya suke haɗuwa a kai a kai ƙarƙashin jagorancin wanda aka horar. Yaƙi ne ma ya raini wannan hanya. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, a asibitin soja na Northfield a Ingila, majinyata sun yi wa likitoci yawa, sai aka fara zaunar da sojoji rukuni-rukuni, aka ga suna ɗaga juna. A 1970, a birnin New York, sojojin Amurka da suka dawo daga Biyetnam suka fara taruwa duk mako da kansu, suka gayyato likitocin ƙwaƙwalwa su zauna da su. Daga wannan fafutika aka kai ga buɗe cibiyoyin ba da shawara ga tsofaffin sojoji a 1979, kuma a 1980 aka shigar da ciwon firgicin cikin kundin cututtuka da likitocinsu ke aiki da shi.

Kada ka ce wannan sai ƙasashen masu kuɗi. A ƙauyukan Rakai da Masaka na Yuganda an gwada zaman rukuni ga masu ciwon damuwa, maza daban mata daban, sau ɗaya a mako har mako 16, kuma ƴan yankin da aka ba horo su suka jagoranta. Sakamakon da aka wallafa a 2003 ya nuna ciwon ya ragu ƙwarai ga waɗanda suka halarta idan aka gwada da waɗanda ba su halarta ba. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da littafin jagora na irin wannan zama: mutum 6 zuwa 10, zama 8, wanda ma'aikacin da ba ƙwararren likitan ƙwaƙwalwa ba zai iya gudanarwa muddin an horar da shi kuma akwai mai duba aikinsa. Wannan ya dace da halinmu, domin ƙwararrun namu kaɗan ne, kuma galibinsu suna Yamai da manyan birane.

Ga yadda zaman yake. Wuri ɗaya, rana ɗaya, lokaci ɗaya, kamar awa ɗaya da rabi. Ana ajiye wayoyi. Abin da aka faɗa a ɗakin amana ne, a ɗakin yake kwana. Ba a tilasta wa kowa magana, mutum yana iya yin zama uku bai ce uffan ba. Babu gori, babu gasar wa ya fi ganin bala'i, babu galan a kafaɗar kowa. Ana magana kan barci da yadda za a gyara shi, kan fushi da abin da mutum zai yi kafin ya ɗaga hannu, kan yadda ake sassauta numfashi idan firgici ya taso, kan zama da mata da ƴaƴa, kan abokan da aka rasa. Kowa ya tashi da ɗan aiki guda na mako: wani zai shiga kasuwa ya yi minti goma, wani zai koma lambun albasa da safe, wani zai tsaya tsakiyar sahu a salla ɗaya. Mako mai zuwa ya dawo ya faɗi yadda ta kaya.

Me ya sa sai tsaransa? Domin soja rayuwar taro ya saba. Tare suke ci, tare suke kwana, wani na gadin barcin wani. Ranar da ya ajiye kaki, rana ɗaya ya rasa su duka, ya faɗo cikin mutanen da ke ƙaunarsa amma ba su san yaren ciwonsa ba. In ka ce masa ba laifinsa ba ne, zai yi maka godiya, a ransa kuwa ya ce ai ba ka wurin. In wanda ya kwana a rami irin nasa ya ce masa, "Ni ma haka nake ji duk dare," wani ƙulli ne ke kwancewa. Kuma ranar da ya ga maganarsa ta amfani wani, ranar ce zai tuna cewa har yanzu yana da amfani.

Mu ma ba baƙin tsari ba ne. Iyayenmu mata sun nuna mana tun da aka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a Maradi a 1991: taro duk mako, da doka, da akwati mai makulli. Samarinmu suna da fada da butar shayi. Sai dai fada ba ta riƙe sirri, kuma ba ta da jagora. Abin da ake bukata shi ne sabon fada haɗe da tsarin asusu.

Na san akwai abubuwan da ke ranka, kuma ba na raina su.

Za ka ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, namiji yana haɗiye abu. Gaskiya ne, riƙe sirri ado ne. Amma waɗanda suka yi wannan karin magana su ne suka ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kuma abin da ya haɗiye bai zauna a cikinsa ba, yana fitowa a jikin matarsa da fuskokin ƴaƴansa. Su ke biyan kuɗin shirun.

Za ka ce addu'a ta isa. Addu'a ita ce gaba, ita ce baya, kuma babu mai hana buɗe zaman da ita da rufewa da ita. Amma kai da kanka, in zazzaɓin cizon sauro ya kama ɗanka, kana tofa masa addu'a kana ɗauke da shi zuwa gidan likita. Riƙo da sababi ba ya warware tawakkali. Abin da ya kamata mu ji tsoro shi ne a ɗaure bawan Allah da mari, ko a yi ta dukansa da sunan fitar da aljani, alhali ciwonsa sananne ne mai magani.

Za ka ce an umurce mu da suturta zunubi, kuma wataƙila cikinsu akwai wanda ya aikata abin da yake nadama. Wannan tambaya ce mai nauyi. Zaman jinya ba wurin tonon asiri ba ne, ba a neman kowa ya zayyana abin da ya yi, kuma sirrin aiki yana nan a matsayinsa na sirri. Haka nan zaman ba ya wanke haƙƙin wani da ke wuyan mutum, wannan babin tuba ne da mayar da haƙƙi, kuma nan ne aikin malami. Ka tuna Usamatu ɗan Zaidu, wanda ya kashe mutum a fagen fama bayan ya furta kalmar shahada. Annabi (SAW) ya tsawatar masa tsawa mai tsanani har abin ya yi masa nauyi matuƙa. Ba a shafe kuskuren ba, ba a kuma yar da shi ba, daga baya ma shi aka naɗa jagoran runduna. Mutumin da nauyi ya danne shi har ya yanke ƙauna ba ya iya ko tuba yadda ya kamata.

Za ka ce zamani ya lalace, akwai haɗari a san wane tsohon soja ne, ko a san ranar da suke taruwa. Wannan gaskiya ce da ba a wasa da ita a yankinmu na bakin iyaka. Don haka babu shela a lasifika, babu hoto, babu jerin sunaye a WhatsApp. Su za su zaɓi wuri da lokaci, kuma in hikima ta nuna a yi shi cikin gidan likita, sai a yi shi can.

Wajibi ne kuma in gaya maka iyakar wannan magani. Bincike ya nuna cewa ga firgici mai tsanani, jinya ta mutum ɗaya da ƙwararre ta fi ƙarfi, wasu kuma sai an haɗa musu da ƙwayoyin da likita ya rubuta. Zaman rukuni ƙofa ce da madogara. Sannan zaman da babu horarren jagora, inda kowa ke kwance buhun abubuwan tsoro a kan ɗan'uwansa, yana iya ƙara ciwo. Saboda haka kada wani malami ko dattijo, kome kyawun niyyarsa, ya ɗauka shi kaɗai zai iya.

To mene ne namu? Malamai sun sanya jinyar maras lafiyar da ba shi da mai kula da shi cikin farillan da in wasu suka tsaya musu sun ɗauke wa saura, in kowa ya yi biris kowa ya shiga laifi. A fahimtata wannan yana cikin babin.

Na farko, ka lura. Ka san waɗanda suka dawo a unguwarku, ka san wanda ya ɓace daga sahu. Ka je gidansa da gaisuwa, ba da wa'azi ba. Kada ka tambaye shi mutum nawa ya kashe, wannan tambaya wuƙa ce. In ya fara magana, ka zauna, ko da ana jiranka.

Na biyu, ka tsare harshenka, ka tsawatar wa yara. Kalmar mahaukaci ta hana mutane da yawa zuwa gidan likita fiye da yadda rashin kuɗin mota ya hana su.

Na uku, liman da kwamitin masallaci su je wurin shugaban gidan likitan gari, ko asibitin gunduma a Illela, Malbaza ko Ƙwanni, su ce muna da mutane kaza, wane ne aka horar kan lafiyar ƙwaƙwalwa, yaya za mu haɗa hannu? A nemi tsohon soja ɗaya mai natsuwa wanda ƴan'uwansa ke ganin girmansa, domin kiransa ya fi namu shiga kunnensu. Namu shi ne ɗaki mai sirri, da tabarma, da shayi, da kuɗin motar mai zuwa daga nesa. Jama'ar da ta iya tara kuɗin siminti da kwanon rufi ba za ta kasa wannan ba.

Na huɗu, kada a manta da matansu. Su ma suna bukatar zamansu, da jagora mace. Wadda ake duka kuwa a kare ta yau, ba a ce ta jira sai ya warke ba. Ciwo yana bayyana dalili, ba ya halatta zalunci.

Na biyar, kuma shi ne mafi gaggawa: idan ka ji yana cewa mutuwa ta fi masa, ko ya fara rarraba kayansa yana neman gafara ba gaira ba dalili, kada ka ɗauka zance ne. Ka tambaye shi kai tsaye, cikin taushi, ko yana tunanin halaka kansa. Tambayar ba ta dasa tunanin, hanya take buɗewa. Kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da makami da maganin ƙwari da tarin ƙwayoyi, a kai shi gidan likita a ranar.

Kai kuma ɗan'uwana da ka sa kaki, in wannan saƙo ya iso hannunka cikin dare kowa na barci ban da kai: abin da ke damunka yana da suna, yana da magani, kuma ba kai kaɗai ba ne ko a cikin garin nan. Ka yi gadi muka yi barci. Ka ba mu dama mu karɓe ka gadin. In ka taɓa yi wa wani daga cikinmu magana ya wuce ka, kamar yadda na wuce maƙwabcina, ka yafe mana, ka sake gwadawa da wani.

Ya kai mai karatu, gobe da Asuba in an sallame, kafin ka miƙe, ka waiga ƙarshen sahu.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ta fili da ta ɓoye. Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya tsare waɗanda ke bakin daga, Ya zaunar da ƙasarmu da maƙwabtanta lafiya. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni ne, ina neman gafararSa.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.